Yadda Za Ka Sauya Aksul Da Sifirin Na Bayan Tsohuwar Motarka A Gida

Duk wanda ya taɓa ƙara wa tsohuwar mota ƙarfin inji ya san abin da ke biyo baya. Ka sa giya ta ɗaya, ka taka totur, sai bayan motar ya kama tsalle dub-dub-dub kamar ana dukan ganga a ƙarƙashin kujera, taya ɗaya tana juyawa a banza, ɗayar tana kallonta. Ka shiga kwana, bayan ya kwanta gefe. Ka ɗauki mutum biyu a kujerar baya, salansa ta fara gaisawa da ƙasa. Motar da aka ƙera a shekarun 1960 ko 1970, sifirin ɗinta ya shafe rabin ƙarni yana ɗauke da kaya, robobinsa sun bushe sun tsattsage, aksul ɗin kuma don injin wancan zamanin aka yi shi.

Aikin nan yana yiwuwa a gida. Abin da ke ɓata shi ba rashin ƙarfi ba ne, gaggawar kammalawa ce: mutum ya yi walda ko ya ɗaure noti tamau tun motar tana rataye a sama. Ka riƙe wannan tun yanzu, domin za mu yi ta dawowa kansa: ba a yanke hukunci kan kowane awo sai nauyin motar ya zauna a kan aksul.

Awo kafin ka taɓa sifana

Ka ajiye motar a daɓe mai shimfiɗa, tanki da mai kamar rabi, iskar tayoyi daidai. Ɗauko tef da littafi. Auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya ta baya. Auna daga tsakiyar wili na gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu da dama. Zura hannu ka auna tazarar da ke tsakanin taya da bodi ta ciki da ta waje. Sannan ka ɗauki hotuna da yawa a waya, musamman hanyar da bututun birki da wayar hambirki suka bi. Bayan mako uku, in kaya sun watsu a ƙasa, za ka gode wa kanka.

Awo mafi muhimmanci shi ne faɗin aksul daga fuskar da wili ke zama a hagu zuwa ta dama. Da shi za ka je neman sabo. Bayansa sai tazarar da ke tsakanin kujerun sifirin biyu, wato ƙarafan da aka yi wa walda a jikin aksul inda yake haɗuwa da sifirin, tsakiya zuwa tsakiya.

Ka kuma san lissafin giyar da ke ciki yanzu, wato zagaye nawa farfela, sandar da ke kawo ƙarfi daga giyabos zuwa aksul, take yi kafin tayoyi su yi zagaye ɗaya. Ɗaga bayan motar, sa alamar alli a taya da farfela. In ka juya taya ɗaya ka ga ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai makulli mai sa tayoyin biyu su ja tare a cikin difaransha, wato tulun giyar da ke tsakiyar aksul: juya taya zagaye 1, ƙirga zagayen farfela. In kuwa ɗayar ta juya baya, sai a riƙe ta, ka juya tayar da ke hannunka zagaye 2. Farfela ta yi uku da kusan kwata uku, kana da 3.73 ke nan.

Wane aksul?

A motocin Amurka, sunan da ya fi fita shi ne aksul ɗin Ford mai inci 9, wanda aka yi daga 1957 zuwa 1986. Abin da ya sa ake sonsa: cikinsa gaba ɗaya yana fita ta gaba a dunƙule, ka kai shi kan teburi ka yi aiki a tsaye. Chevrolet na da mai noti 12, Chrysler na da mai inci 8¾. Amma ga mai aiki a gida, ni na fi karkata ga Ford 8.8, musamman na Explorer daga 1995 zuwa 2001. Yana zuwa da birkin faifai, sandunansa da ke juya tayoyi masu haƙora 31 ne, kuma galibi lissafinsa 3.55, 3.73 ko 4.10. Akwai ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a murfinsa; in ka ga an buga 3L73, wato 3.73 ne mai makulli.

Yana da nasa halin. Faɗinsa kusan inci 59 da rabi, alhali na Mustang ta 1965 kusan inci 57 ne, kuma bakin da farfela ke kamawa ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama. Masu aikin sukan rage dogon ɓangaren da kusan inci 3, su sa gajeren sanda a gefe biyu. Wannan aikin mai injin daidaita bututu ne, ba na tsakar gida ba. Haka kuma sandunansa wani ɗan ƙarfe mai siffar lauje ne ke riƙe su daga ciki. In sanda ya karye, birkin faifan ne kaɗai zai hana taya ficewa.

Duba ramukan notin wili ma. Ford da yawancin Chrysler noti 5 ne a kan da'irar milimita 114.3, Chevrolet kuma 120.65. Ido ba ya ganin bambancin, amma wili ba zai shiga ba.

Kan lissafin giya, kada ƙarfin tashi ya ruɗe ka. Ga yadda ake sanin gudun inji: gudun mota a kilomita cikin awa ɗaya, sau lissafin aksul, sau 5305, raba da tsayin taya a milimita. Taya mai milimita 660, a gudun 100, da lissafin 2.79, inji na zagaye kusan 2,240 a minti. Ka sa 3.73, ya haura zuwa kusan 3,000. In giyabos ɗinka mai giya 3 ko 4 ne marar giyar hutu, wato wadda ke rage zagayen inji a kan babban titi, doguwar tafiya za ta zama kuka da shan mai. In yana da giyar hutu ta 0.70, sai ya sauko wajen 2,100, komai ya yi daɗi.

Kafin ka biya kuɗin aksul na hannu, a buɗe murfin a gabanka. Baƙin mai ba laifi ba ne. Mai kamar madara alamar ruwa ya shiga, guntayen ƙarfe masu ƙyalli kuwa alamar haƙora ko boris sun fara ci. Juya bakin farfela da hannu: ya tafi sumul, ba gurnani, ba inda yake cijewa. In kana son sauya lissafin giyar ciki, shawarata ka kai wa wanda ya saba. Tazarar haƙoran wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 10 na milimita ce, kuskure kaɗan sai aksul ya yi ta kuka har ƙarshen rayuwarsa. Boris na bakin taya da robar da ke tare mai kuwa, ka sauya su da kanka tun aksul yana ƙasa, ko da suna da kyau a ido.

Ɗaga mota da fitar da tsohon

Kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, ka riƙa fesa man sassauta tsatsa a kowane noti: na idon sifirin, na shokazoba, na bututun birki. Safe da yamma.

Ranar aiki, cire kan batir. Tokare tayoyin gaba ta gaba da ta baya. Sassauta notin wili tun motar na ƙasa. Ɗaga ta da jak a ƙarƙashin difaransha, ka sa ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar nauyi a ƙarƙashin shasi, gaban inda sifirin ya kama. Ba a kan bulo ba. Bulo ba ya gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. Girgiza motar da ƙarfi da hannu biyu. In ta motsa, gyara kafin ka sa kanka a ƙasa. Wilin da ka cire, tura su ƙarƙashin bodi su zama kariya ta biyu.

Bar jak ɗin yana tallabe da aksul, ka bi wannan jeri. Sa alama a farfela da inda ta kama, kwance ta, ka naɗe kofunan kuros, wato gaɓar gicciye da ke kowane ƙarshen farfela, da salatif don kada ƙananan alluran ciki su zube. Toshe bayan giyabos domin mai zai biyo. Kwance robar birki daga jikin bodi ka toshe bakin bututun. Saki wayar hambirki. Cire shokazoba. Sannan notin ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar takalmin doki da ke rungume aksul da sifirin. In sun ƙi, yanka su, ai ba za ka sake amfani da su ba. Ka dai tuna tankin mai yana dab da kanka: kare shi daga tartsatsi, gorar kashe gobara kuma tana kusa da hannu.

Aksul irin wannan ya haura kilo 70, kuma ba ya zama daidai a kan jak, bakinsa yakan kifa ƙasa ba zato. Ku zama ku biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a saki ƙarshen sifirin na baya, a sauke shi ƙasa, a gangaro da aksul ta baya.

Notin idon sifirin na gaba shi ne mai sa mutum ya yi magana shi kaɗai. Yakan manne da bututun da ke cikin roba, ka yi ta juya shi yana juyawa da robar gaba ɗaya. Kada ka ɓata yini da guduma. Zura zarto tsakanin idon sifirin da kunnen shasi, yanka ta gefe biyu. Da ya fita, ka tsokani wurin da sukudireba. In ƙarfen shasi yana ɓarewa kamar ɓawon itace, aikin ya tsaya nan sai an gyara shi. Sabon sifirin a ruɓaɓɓen shasi, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya gabata na mota mai sifirin ganye ne. In motarka mai sifirin naɗi ce, kamar Chevelle ta 1964 zuwa 1972, bayan cire shokazoba sai ka sauke jak sannu sannu har sifirin ya saki jiki ya fito da hannu. Kada ka kwance hannuwan da ke riƙe aksul sifirin yana a matse. Irin waɗannan motoci kunnuwan aksul ɗinsu suna da yawa, kowanne da kusurwarsa, shi ya sa gara ka nemi aksul da aka riga aka yi wa kunnuwan motarka.

Sifirin, bushin, shokazoba

Sifirin biyu ake sauyawa tare, ba ɗaya ba. Kafin ka ɗaura, ajiye sabo kusa da tsoho: a motoci da yawa notin tsakiya ba a tsakiya yake ba, ɓangaren gaba ya fi gajarta. Ka juya shi, taya za ta zauna a wurin da ba nata ba.

Jama'a suna son sifirin mai tauri don suna ganin shi ne na tsere. A kan titi na yau da kullum, baya mai tauri fiye da kima tsalle yake yi a gargada, taya ta rabu da ƙasa. Ƙarin tauri kaɗan da shokazoba mai kyau ya fi. Bushin, wato zoben da ke cikin idon sifirin, in na roba ne shiru ne da laushi. Na foliyuritan ya fi riƙe aksul a wurinsa amma yana kawo girgiza cikin mota, kuma in ba a shafa masa nasa giris ba, zai yi ta ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohuwar ƙofa. Amma tubalin ƙarfe da ake sawa tsakanin aksul da sifirin don a sauke mota, ba na sonsa in ya yi kauri: yana ba aksul ƙarin hannu na murɗe sifirin, wato tsallen da ka zo magancewa shi zai ƙaru. In kana son mota ta yi ƙasa, sayi sifirin da aka lanƙwasa don haka.

Rataya sifirin, sa notuna, amma da hannu kawai. Shokazoba kuma ka jira, sai mota ta zauna za ka auna tsawon da take bukata: a zaune ta kasance wajen tsakiyar tafiyarta, kuma robar tsayar da aksul ta taɓa kafin shokazoba ta ƙure. Waɗannan robobi ma a sabunta su.

Kusurwar farfela, inda ake cin jarrabawa ko a faɗi

Yanke tsofaffin kunnuwan sabon aksul, goge bututun ya yi sumul ba tare da ka ci jikinsa ba. Ɗora sababbin kujeru a kan sifirin, ɗora aksul a kansu, rungume da sababbin ƙarafan runguma, masu kama da takalmin dokin nan, matse kaɗan yadda guduma za ta iya motsa shi. Babu walda tukuna.

Yanzu mayar da nauyin mota kan aksul: ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin bututun aksul, gaba ma a ɗaga shi daidai, yadda motar za ta zauna kamar tana kan titi. Danna bayanta sau da yawa ta zauna sosai. Daidaita aksul a tsakiya ta hanyar auna daga fuskar wili zuwa shasi, hagu da dama. Auna daga wani rami guda a shasi zuwa bakin aksul kowane gefe, sannan ka auna a gicciye. In awon gicciye biyu bai zo ɗaya ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa.

Sai ma'aunin kusurwa, irin mai maganaɗisu. Kuros idan yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye. Kuros na bayan farfela ne ke goge abin da na gaba ya jawo, kuma ba zai iya ba sai kusurwoyinsu sun zo ɗaya. Don haka layin giyabos da layin bakin aksul su tafi a jere ba su haɗu ba: in bayan giyabos ya sunkuya digiri 3, bakin aksul ya ɗaga digiri 3. Kusurwar kowane kuros da farfela kada ta wuce wajen digiri 3, kada kuma ta zama sifili, domin alluran ciki suna bukatar motsi kaɗan su yi ta juyawa. A mota mai sifirin ganye, bakin aksul yakan ɗaga idan an taka totur, saboda haka ake sunkuyar da shi digiri 1 ko 2 ƙasa da wancan awo.

Na taɓa yin wannan awo motar tana rataye, aksul yana lilo a ƙasa. Na yi walda mai kyau har ina alfahari da ita. Ranar gwaji, da na kai wajen 80, madubin ciki ya fara rawa har ban iya ganin motar da ke bayana ba. Na zargi taya, na zargi farfela, na kai ta aka daidaita ta, a banza. Da na sa ma'auni motar tana zaune, sai ga bambancin digiri 5. Sauri ya haifi nawa: aksul ya sake fita, aka yanke kujerun.

In awo ya yi, ɗiga walda a kusurwoyi huɗu na kowace kujera, sake aunawa, sannan ka fitar da aksul a kammala a ƙasa. A yi ta guntu-guntu, inci ɗaya nan, a koma wancan gefe, a bar shi ya huce. Zafi mai yawa a wuri ɗaya yana lanƙwasa bututu, lanƙwasasshen bututu kuma cin boris yake yi. In waldarka ta ƙofa da taga ce, ɗiga kawai ka kai wa gwani ya ƙarasa.

Mayar da aksul. Ƙarafan runguma a matse su a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ƙarfi, bisa adadin da mai su ya rubuta. Notin idon sifirin da na shokazoba kuwa sai mota ta zauna da nauyinta. In ka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, motar ta yi tsayi fiye da kima, bushin ya yage cikin 'yan watanni. Mai sifirin naɗi da ke da sandar gicciye mai hana aksul zamewa gefe, ya tabbata sandar ta kwanta daidai da ƙasa a zaune.

Farfela da birki

Sabon aksul bakinsa ba lallai ya kai tsawon na da ba. Mota tana zaune, tura bakin farfela cikin giyabos har ya ƙure, ja shi baya milimita 20 zuwa 25, auna daga tsakiyar kuros na gaba zuwa inda na baya zai zauna. Wannan awon za ka kai wa masu yanka farfela, su kuma daidaita nauyinta. In girman kuros ya bambanta, akwai mai haɗa girma biyu, kamar 1310 da 1330.

Birki ba wurin kame-kame ba ne. In ka tashi daga birkin ganga zuwa na faifai, duba masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika man birki zuwa tayoyi: da yawa na da ɗan bawul mai riƙe matsi a layin birkin ganga, in ka bar shi faifan zai riƙa ja yana zafi. Sa bawul mai daidaita matsin baya. Ka'ida ita ce tayoyin gaba su kulle kafin na baya. In na baya suka riga, motar juyawa za ta yi da kai. Kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, a ɗaura ta yadda bakin fitar iska ke sama, in ba haka ba ko ka kwana kana fitar da iska feda ba za ta yi tauri ba. Robar birki sabuwa, mai tsawon da ba za ta miƙe ba ko aksul ya sauka ƙarshe. Fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta. Man DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 na silikon ba ya haɗuwa da su. Hambirki ma a haɗa shi ya yi aiki kafin mota ta sauka.

Zuba man giya mai lambar GL-5 har ya fara fitowa daga ramin zubawa, mota tana daidai. In makullin difaransha mai faifan kulochi ne, ƙara masa maganin santsin da ake sayarwa dominsa, in ba haka ba zai riƙa gurnani a kwana. Hura ɗan bututun numfashin aksul ka tabbata bai toshe ba, domin in ya toshe, mai ta bakin taya zai fita ya jiƙa birki.

Gwaji

Fara a fili marar mutane. Tafi a hankali, taka birki, yi kwana hagu da dama, saurara. Ƙara gudu ka taka da ƙarfi, wani ya tsaya gefe ya ga tayar da ta fara kullewa, ka rage matsin baya har gaba ta riga. Bayan 'yan kilomita, tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowane wili, zafinsu ya zo ɗaya. Leƙa ƙasa ka nemi ɗigo, ka duba gefen taya ko ya gogi bodi. Girgizar da ke zuwa in ka taka totur ta ɓace in ka ɗaga ƙafa, kusurwa ce. Akwai siraran ƙarafa masu gangare da ake sawa a ƙarƙashin kujera don gyara digiri 1 ko 2.

Agogon gudu zai yi maka ƙarya in lissafi ya sauya: daga 2.79 zuwa 3.73, kana 100 zai nuna wajen 134, sai ka sauya ɗan haƙorin da ke juya wayarsa a jikin giyabos. Bayan kilomita 100 na farko sake matse notin wili da ƙarafan runguma, ka maimaita a wajen 800, domin ganyen sabon sifirin yana zama, notin ya saki. In haƙoran cikin aksul sababbi ne, kada ka ja kaya ko ka yi doguwar tafiya da gudu a wannan tsakani, kuma a nan ne za ka juye man farko ka zuba sabo. Sannan ka ɗauko littafin nan na ranar farko, ka sake auna tsayin bodi hagu da dama, ka rubuta sabon awo kusa da tsohon.